Layi biyun da matan Kurfai suka bari babu rubutu

Mun tashi daga Yamai da asuba, mutane na fitowa daga masallaci, mu uku a motar ƙungiya: direba, abokin aikina mai zagayen cibiyoyi, sai ni da wata takarda a jaka wadda na so a ce wani ne ya ɗauko ta. Ga waɗanda ba su san aikina ba, shekara shida ke nan ina kula da ajujuwan yaƙi da jahilci na mata a wata ƙungiya mai zaman kanta. Masu ba da tallafi ne ke ɗaukar nauyin allo da alli da albashin malamai, mu kuma duk ƙarshen zango sai mu gwada matan, mu aika musu da rapor, wato rahoto. Cibiyar da ta ci gwaji a sabunta ta, wadda ta faɗi a rufe. Takardar jakata ta rufe wata cibiya ce a wani ƙauyen ƙasar Kurfai gabas da Filinge, kuma ni na rubuta dalilin da hannuna.

Gwajin ma ni na tsara shi, kuma har na yi ta yabon kaina a biro, wato ofis, saboda sauƙinsa. Layi uku ne kawai: ki rubuta sunanki, sunan mijinki, da sunan ɗanki na fari. Wadda ta cika biyu ta ci. Na ce a raina ai babu macen da za ta ce ba ta san waɗannan sunaye ba. Da takardun wannan ƙauye suka iso, mata ashirin da biyu, kowacce layin farko kaɗai ta cika. Sai na yanke cewa malamar ta sa kowacce ta haddace zanen sunanta ne don ta rufe mana ido, na kuma rubuta haka a rapor.

Hanya ba ta ba mu wahala ba, in ban da shingayen jami'an tsaro inda muka yi ta nuna takardar izinin tafiya har gefenta ya fara yagewa. A Baleyara muka karya kumallo. Ba ranar kasuwa ba ce, amma ƙamshin dabbobi bai san da haka ba. Na sayi kopto, wato dafaffen zogale da ƙuli da albasa, na dala ashirin wajen wata Bazabarma, direba kuma ya tsaya cinikin zabbi biyu kusan rabin awa, ya tashi bai saya ba, yana cewa mai zabbin ya ga tambarin ƙungiya a jikin mota ne ya ninka kuɗi. Gaskiyarsa ce. Motarmu duk inda ta tsaya farashi kan miƙe tsaye ya gaishe ta.

Daga Tabla zuwa gaba kaka ce sosai. Amalanken jakai ɗauke da dammunan hatsi suna bin gefen hanya, rumbuna sun sha sabon jinka, shanun Fulani sun shiga gonakin da aka gama girbe suna cin kara. Abokin aikina ya yi ta ɗaukar hoto, ni kuwa ina maimaita jawabina a zuci. Na ƙudura zan yi magana da taushi amma ba zan ja da baya ba, don na san halina, in aka fara roƙona sai in narke.

Mun shiga Filinge da hantsi, muka gaida hukuma kamar yadda aka saba, muka sha hura mai sanyi da nonon shanu a bakin kasuwa, sannan muka sauka daga kwalta muka kama yashi. Sau biyu motar ta kafe, sau biyu muka fito muka tura. A bakin ƙauyen akwai rijiya, jarkoki rawaya jere a layi suna jiran masu su. Na lura kowace jarka da rubutu a jikinta da baƙin fenti, wasu haruffan sun karkace, wasu sun hau kan juna. Na gani da idona, amma ban tsaya na tambayi kaina wa ya rubuta ba. Hankalina na kan jawabi.

Malamar ta tarbe mu a ƙofar rumfar karatu. 'Yar garin ce, ba za ta wuce shekara talatin ba, mijinta na ci-rani a gabar teku, aikin nan shi ke riƙe da ita da 'ya'yanta uku. Ta share rumfar, ta yayyafa ruwa, ta shimfiɗa tabarmi. Matan sun ɗauka mun zo buɗe sabon zango ne, don haka suka zo da allunansu, wasu da goyo, wasu hannunsu da farin garin daka. Har dambu suka yi mana. Na ci dambun nan, jama'a, na sha ruwa, na goge baki, sannan na miƙe na karanta musu takardar rufe musu aji.

Ban tsaya nan ba, kuma wannan ne ya fi damuna yanzu. Sai na shiga bayani. Na ce masu tallafi ba sa zuba dukiyarsu inda ba a ga amfani ba. Na ce wata biyar ana karatu amma babu wadda ta iya rubuta sunan mijinta ko na ɗanta. Na ce a cibiyoyin cikin gari mata sun cika layukan nan cikin minti biyu. Malamar na tsaye gefen babban allo, kanta a sunkuye, tana murza guntun alli har ya zama gari a yatsunta. Sau ɗaya ta ce, "Madam, na rubuto maki bayani," na ce mata ban ga wani bayani ba, na ci gaba.

Sai wata dattijuwa da ke zaune a gaba, wadda daga baya na ji ita ce shugabar matan garin, ta gyara lulluɓi ta ce in zauna, tsayuwa ta isa. Na zauna. Ta tambaye ni ko ni Bahausa ce, na ce ƙwarai, iyayena ma daga wannan yanki suka koma Yamai. Ta tambaya ko mahaifiyata na da rai, na ce tana nan.

"Ke ta nawa ta ga innarki, ɗiyata?"

"Ni ce ta fari, Inna."

"To tun da kinka yi wayo, kin taɓa jin sunanki ga bakinta?"

Ban taɓa ji ba. Shekarata talatin da takwas, mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" take cewa, ko "yarinyar nan", in kuma tana ba wani labarina ta ce "ta wajen aikin nan". Sunan mahaifina kuwa har ya rasu "mai gidan nan" ne a bakinta. Na san wannan kunya tun ina goye, a cikinta na girma. Amma ranar da na zauna a biro gaban injin kwamfuta ina tsara gwaji, ko kusa ba ta faɗo mini ba, don ina tunanin abin da zai yi wa masu tallafi sauƙin dubawa ne.

Dattijuwar ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Ta bayyana mini cewa su sababbin hannu ne, ba sa iya rubutu baki rufe, sai sun furta kowane gaɓa da ƙarfi kafin alli ya bi. Ga kuma saurayin da muka aiko ya yi gwajin yana tsaye a kansu, ga surukan wasu zaune a tabarma ɗaya da su. Ta ce sun yi shawara a ranar, suka ga gara a ce ba su iya ba da a ce ba su da kunya. Daga nan ta jawo allonta ta tambayi sunana. Na faɗa mata. Ta rubuta shi a hankali, tana furtawa, harshenta a waje kaɗan, babu kuskure ko ɗaya, ta juyo mini da allon.

"Naki ina rubuta shi, ba ni na haihe ki ba."

Matan suka yi dariya, ba ta mugunta ba, ni kuwa na rasa inda zan sa idona. Sai kowacce ta shiga nuna mini abinta. Wata ta karanta ranar komawa awo a katin likita na jaririnta. Wata ta ce jarkokin rijiya su suka rubuta, tun daga lokacin aka daina rigimar taka ce tawa ce. Wata ta miƙo mini wayarta, ta nuna lambar mijinta da ke ci-rani, wadda ta adana da kanta da harafi uku: Shi. Abokin aikina ya raɗa mini cewa a cibiyoyin cikin gari ma ya ji wasu malamai sun ce wa matan su rubuta kowane suna, har wasu suka sa na mijin maƙwabciya. Ke nan waɗanda suka yi mana dabara muka yaba, wadda ta bar gaskiya a takarda muka zo kora.

Na nemi gafarar malamar a gaban ɗalibanta, tun da a gabansu na ci mata fuska. Ta ce babu komai, amma ba ta dube ni ba, kuma ban ga laifinta ba. Na naɗe takardar na mayar jaka, na hau wani tudu inda waya ke kamawa na kira shugabanmu. Ya ce jerin cibiyoyin da za a rufe ya riga ya tafi wajen masu tallafi, in ina so a janye sai in rubuta da sunana cewa kuskuren nawa ne, ba na malamar ba. Na ce zan rubuta. Da za mu tafi, dattijuwar ta sa aka ɗora mana damin hatsi a bayan mota, na ƙi, ta ce ba a mayar da kyautar kaka.

A Filinge muka kwana, washegari muka kamo hanya da wuri. A Baleyara direba ya koma wajen mai zabbin ya saya a farashin jiya, babu wanda ya tsokane shi, don ni ce mai tsokanar kuma bakina ya mutu. Muna isa Yamai na wuce biro kai tsaye na zaro takardun ƙauyen. A bayan takardar farko, da jan biki, wato alƙalami, ga bayanin malamar layi huɗu, ta faɗi duk abin da dattijuwar ta faɗa mini, ta roƙi a sake gwajin da wasu kalmomi. Wata biyar takardar na kan teburina ban juya ta ba.

Na rubuta wa masu tallafi, sun amince a sake gwajin. Cibiyar za ta buɗe, amma a makare da wata guda, kuma wannan watan matan da malamarsu ne suka yi asararsa saboda ni. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne kada in ƙara tsara wa mutane tambaya ban fara zama a tabarmarsu ba, kuma in riƙa juya takarda.

Da la'asar na kai wa mahaifiyata damin hatsin. Tana tsakar gida tana tsince shinkafa, ta ɗago ta dube ni, ta juya wajen ƙanwata ta kira ta da sunanta, ta ce, "Kawo wa yarinyar nan ruwa, ta sha hanya."