Malam Haruna Tela da Ƙashin Bayansa

Damunar bana ta cika shekara hamsin da rasuwar maigidana, Malam Haruna, tela a unguwar Akwatia Line. Waɗanda suka san shi a Zangon Kumasi sun kusa ƙarewa. Ragowar kuwa idan na ambace shi sai su ce, "Af, mai doron nan?" E, shi ɗin ne. Bai taɓa jin haushin sunan ba, ni ma daga baya na daina ji. Abin da nake so in ba masu karatu labari shi ne abin da ya yi da doron nan nasa, domin har yau ban ga wanda ya yi irinsa ba.

Na san shi ne ina sayar da koko da ƙosai a bakin shagonsa, lokacin ƙasar nan ana ce mata Gwalkwas tukuna. Ciwon ya same shi tun yana yaro. Ya ce abin da yake tunawa shi ne zazzaɓi da rama da ciwon baya, ya daɗe a kwance, da ya tashi kuma sai ya tashi a tanƙware. Mahaifiyarsa ta ce iska ce ta taɓa shi. Kawunsa ya ce faɗuwa ya yi daga kan jaki. Shi kuwa bai ƙaryata kowa ba, bai kuma gamsu ba. Yakan ce abin da ya fi damunsa shi ne duk Zango sun ga bayansa, shi kaɗai ne bai taɓa gani ba.

Sana'arsa ta ƙara masa wannan ƙaiƙayi. Tela kullum yana bayan mutane da igiyar awo. Idan 'yan dakon goro suka zo ɗinkin sallah, sai ya gama awon riga, sannan ya roƙi alfarma. Ya zagaya igiyar a ƙirjin mutum ya ce ya ja numfashi, ya duba yadda igiyar ta buɗe, ya ce ya saki. Daga nan ya gwada a nasa ƙirjin. Nasu yakan buɗe sosai, nasa da ƙyar yake motsi. Wasu su yi dariya, wasu su ce Malam ya fara tsibbu. Ni daga inda nake suya ina kallo, kuma ina jin a nan ne ya fara shiga raina. Ban taɓa ganin mutumin da ake kallonsa da tausayi, shi kuma yana kallon kansa da mamaki ba.

Aurenmu bai zo da wata rigima ba. Rigimar ta taso ne da na sami ciki. Goggo Lami, ƙanwar mahaifina wadda ta riƙe ni, ta zo har ɗakina ta ce in tattara in koma gida sai na haihu. Ta ce mai ciki ba ta yawan kallon irin wannan baya, abin da ido ya sha shi ɗa yake ɗaukowa. Matan gidan haya kuma suna cewa ba ma sai an kalla ba, a jini abin yake. Na ƙi tafiya. Amma maganar ta kai kunnen Malam, sai na ga ya rage cin abinci.

Wata rana da safe yana ɗaura rawani, bai dube ni ba ya ce, "Hadiza, idan ya tabbata abin nan yana bin jini, daga wannan ba zan ƙara ba. Ke kuma yarinya ce. Zan sawwaƙe miki ki je ki haifi masu miƙaƙƙen baya."

Na ce, "Malam, wa ya roƙe ka?"

Ya ce, "Ba wanda ya roƙe ni. Amma bari in bincika tukuna."

Na san shi, idan ya faɗi magana ba ya janyewa. Don haka binciken da ya shiga, wanda mutane suka ɗauka shirme ne, aurena ne yake rataye a jikinsa.

Ya fara da mayanka. Yana da aboki mahauci, Garba, ya roƙe shi ya ware masa bayan rago sukutum da haƙarƙarinsa, kada a sara. Ya kawo gida ya sa na dafa shi a babbar tukunyata har nama ya zube. Mun ci naman, shi kuma ya wanke ƙasusuwan ya shanya a rufin kwano, ya jera su a zaren ɗinki kamar carbi. A nan na fara sanin cewa ƙashin baya ba sanda guda ba ce. Ƙananan ƙasusuwa ne a jere, kowanne da kaurinsa ta gaba, da rami ta baya inda laka take bi, da ɗan tsini wanda shi ne muke ji idan muka shafa gadon bayan mutum. Tsakanin kowane biyu akwai guringuntsi kamar matashi. Ya nuna mini yadda kowane haƙarƙari yake da gaɓa a inda ya haɗu da ƙashin baya, yana ɗagawa yana sauka kamar mariƙin bokiti. Ya ce, "Kin ga abin da ke buɗe igiyar awona."

Ya ƙirga haƙarƙarin ragon ya sami goma sha uku a kowane gefe. Ya nemi izini ya ƙirga nawa, ina ta dariya saboda cakulkuli, ya sami goma sha biyu. Hankalinsa ya tashi, ya ce ko dai ni ma da tawa matsalar. Ga shi kuma mun taso muna jin ana cewa mace ta fi namiji da haƙarƙari ɗaya. Ya so ya ƙirga nasa ya kasa, domin sun cushe wuri guda, yatsa ba ya shiga tsakaninsu.

Yanzu jikata, mai karatun aikin jinya, takan buɗe mini kwamfuta in ga ƙwarangwal ɗin mutum yana juyawa, ta taɓa ƙashi ɗaya ya fito da sunansa. Ran da ta fara nuna mini sai na ji ƙamshin romon nan a hancina. Na yi ta tunanin abin da Malam zai yi. Ina jin zai rufe shago kwana da kwanaki, a rasa mai ɗinka kayan sallah. Wani lokaci kuma ina tunanin zai yi mamakin yadda abin ya zo cikin aljihun kowa ta wayar hannu, amma mutum ya shekara da ciwon ƙugu bai taɓa tambayar abin da ke wurin ba.

Daga mahauci sai ya tafi wurin Baba Alhassan, wani tsoho ɗan ƙabilar Dagomba mai ɗori, wanda duk wanda ya karye a unguwarmu wurinsa ake kai shi. Tsohon ya shafa bayan tun daga wuya har ƙugu, ya daɗe a kan ƙullin, sannan ya ce, "Ɗana, ni karaya nake ɗorawa, wannan ba karaya ba ce. Ban san ko mene ne ba. An ce sabon asibiti akwai injin da ke ganin cikin mutum. Je ka ya gani maka."

A lokacin mutanenmu tsoron injin nan suke yi ƙwarai. Ana cewa yana shan jini, ana cewa wanda ya shiga ba ya daɗewa. Goggo Lami ta ce idan ya je kada ya taɓa ni sai ya yi wanka. Na ce zan raka shi, da cikina da komai. Muka hau mota da sassafe, muka yi layi, aka shiga da shi wani ɗaki aka cire masa riga aka jingina shi da wani allon ƙarfe mai sanyi. Aka ce mu dawo wata ranar.

Da muka koma, likita ya ɗaga wani baƙin faifai ya kara shi a hasken taga. Wata ma'aikaciyar jinya, Batoniya 'yar asalin garin mai jin Hausar Zango, ita ke yi mana tafinta. Malam ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa faifan. Sannan ya ce a hankali, "Ashe haka kake." Da bayan nasa yake magana.

Ni ma na gani. Ƙasusuwan suna saukowa daga wuya a jere kamar na ragon nan, sai a tsakiyar baya jerin ya lalace. Wasu 'yan ƙasusuwa sun cinye ta gaba, sun rufta kan juna, sun manne sun zama dunƙule ɗaya, na samansu duka suka kifo gaba. Likita ya ce ƙwayar tarin fuka ce. Ba huhu kaɗai take kamawa ba, takan shiga ƙashi ta ci shi, musamman a jikin yara. Ya ce tasa ta daɗe da kwantawa.

Malam ya ce a tambaye shi ko tana bin jini. Matar ta juya maganar, likita ya girgiza kai. Ta ce, "Ya ce ba gado ba ne sam. Ciwo ne ya same ka, kamar yadda gobara take samun gida. Ɗanka ba ruwansa." Na nemi benci na zauna. Shi kuwa ko juyowa bai yi ba, ya riga ya sa yatsa yana ƙirga haƙarƙarinsa a jikin faifan. Goma sha biyu. Ya tambaya ina na sha ukun, likita ya yi dariya ya ce wannan na rago ne, ɗan Adam goma sha biyu gare shi, mace da namiji duk ɗaya. Malam ya yi ta dariyar kansa har muka fito.

Akwai magana ta biyu, kuma a gabana aka faɗe ta. Likita ya nuna yadda tanƙwarar ta matse kejin ƙirjin, huhu bai da wurin buɗewa. Ya ce ya kiyayi sanyi da mura, domin abin da wani zai yi kwana biyu ya warke, shi yana iya kayar da shi. Muka kamo hanyar gida a mota. Malam ya ce, "To, yanzu mun san dalilin igiyar awo." Yadda ya ɗauki maganar ke nan.

Na haifi mace, aka sa mata Sa'adatu. Ran da aka fara miƙa masa ita, ya kifa ta a tafin hannunsa ya bi bayanta da babban yatsa, sai na ga fuskarsa ta canza. Bayan a lanƙwashe yake kamar baka. Ya ƙwala wa ungozoma kira. Tsohuwar ta duba ta ce, "Haba Malam, duk ɗan da na karɓa haka yake zuwa. Wata tara yana naɗe, kana so ya fito kamar tabarya? Bari ta ɗaga kai wuya ya gyaru, ta tashi tsaye ƙugu ya shiga." Bai yi musu ba, amma ya sa ido. Ya ga lokacin da ta fara riƙe wuyanta, ya ga ta zauna, ya ga ta dafa keken ɗinkinsa ta miƙe. Ran da ta taka daga ƙofar shago zuwa wurin tukunyata, bayanta a miƙe, ya aika aka kira Goggo Lami. Ta zo ta gani, ta ce ita dama addu'a take ta yi. Ya ce ya sani, ya gode, ya ɗinka mata zani da riga.

Sa'adatu na da shekara uku ruwa ya dake shi a hanyar dawowa daga kasuwa. Mura ta zama ciwon haƙarƙari, aka kai shi asibiti, aka yi abin da za a iya. Ya rasu da hantsi, ina riƙe da shi a zaune, domin kwanciya ba ta ba shi numfashi. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Yau an ce ciwon da ya tanƙwara shi ana maganinsa da ƙwayoyi cikin watanni, idan an gano shi da wuri. Na lura kuma ba a cika ganin yara masu irin bayansa a Zango ba. Nakan tambayi kaina ko zai ji zafin cewa ya zo duniya da wuri. Ban tsammani. Zai dai tsare mai ba da maganin da tambaya har sai ya gaji, yana son ya ji ta wace hanya ƙwaya take bi daga ciki ta isa ƙashi.

Bai bar gida ba, bai bar fili ba, shagon ma tuni aka rushe shi. Abin da ya bari shi ne Sa'adatu da 'ya'yanta, da kuma wata ɗabi'a da ta bi gidanmu: ba ma jin kunyar cewa a nuna mana. Idan aka ce da ɗayanmu ga abin da ke damunka, sai ya ce a ina, yaya yake, me ya kawo shi. Likitoci sukan gaji da mu, wasu kuma su ji daɗi.

Ni ma yanzu tsufa ya tanƙwara ni. An ce guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ne ya bushe, su kuma suka yi laushi. Duk zamanmu na fi shi tsayi nesa, idan zai yi mini magana sai ya karkata kai ya ɗago ido. Kwanan baya na tsaya a gaban madubi na auna da idona. Da yana nan, da yanzu mun zo daidai, fuska da fuska.