Gindin Buhu

Shekarar da masu sayen wake na Kudu suka daina zuwa Gummi, na yi wata biyu ina kallon buhunana a sito kamar mai gadin kayan wani. Ban ga laifinsu ba. Duk wanda ya bi hanyar Anka a lokacin ya san da addu'a ake tafiya. Amma ni wake nake sayarwa, wake kuwa ba ya jira. In ka bar shi, ƙwari su riga ka.

Ba gadon sana'ar na yi ba. Da tiya ɗaya na fara awo a bakin kasuwa har na kai ga loda mota. Don haka da aka ce a zauna a jira hanya ta gyaru, na ce mai iya jira ya jira.

Na ɗauki waya na yi bidiyo. Na kwance bakin buhu uku, ina ɗebo wake ina zubawa, fari tas, manyan ƙwaya. Na tura wa wata mata mai sito a Ibadan, wadda take raba wa masu gidajen abinci. Ta daɗe tana saye a wurina, Hausarta ta kasuwa ce, babu kara a ciki. Ta kira ni tana dariya.

"Alhaji, ni kake nuna wa bakin buhu? Yaushe na zama baƙuwa? Nuna mini gindi."

Ta yi gaskiya. A wurinmu kowane buhu ana yi masa kwalliya, a ware tiya ɗaya ko biyu mafi kyau a zuba a sama. Ba mu ɗauke shi ha'inci ba, domin mai saye ya sani. Yakan zo da ƙarfensa ya soka tsakiya, ya soka gindi, a yi dariya, a yi ciniki. Ta waya kuwa babu ƙarfe. Kwalliyar da muka saba ta koma ƙarya tsagwaronta.

Na ce ta tara mini abokan sana'arta a kiran bidiyo guda. Ta samo huɗu. Na sa lamba a jikin kowane buhu da fenti, na ce su za su zaɓa, ni kuma in farke gindin wanda suka zaɓa suna kallo.

Da safiyar ranar sai ga sarkin dillalan layinmu, dattijon da ya fara ba ni wurin shimfiɗa.

"Wai mi nika ji? An ce za ka farke gindin buhu gaban baƙi."

"Haka ne, Baba."

"In ka saba musu, gobe mu ma sai sun ce mu farke. Ka kwance muna zane cikin kasuwa ke nan."

"Wace kasuwa, Baba? Dubi layin, awaki ne kwance a rumfunanmu."

"Kai dai bakinka ya fi buhunka cika."

"Shi ya sa zan zazzage buhun, a gani."

Bai tafi ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya harɗe hannuwa.

Na shimfiɗa tampol, na jingina wayar a kan sikeli yadda ba za a ga ƙofa ko titi ba, don a garinmu ba kowane ido ake nuna wa yawan kaya ba. Fuskoki biyar suka fito. Matar ta ce, "Lamba goma sha bakwai."

Buhun na cikin waɗanda aka kawo mini a babur daga Zugu, ban taɓa kwance shi ba. Na kifa shi, na sa wuƙa. Abin da ya zubo, tsakuwa ce da ƙasa da wake mai huji, ƙwari na ta gudu a kan tampol.

Daga ƙofa Baba ya ce, "To, ka gani."

Yatsana yana kusa da jan maɓallin kashe kira. Da na latsa na ce sabis ne ya ɗauke, babu mai musu, kowa ya san halin sabis ɗinmu. Sai na ɗaga wayar na kai ta daf da tsakuwar.

"Kun gani, na gani. Buhuna ne, ni na saya ban duba ba. Ku zaɓi wani."

Suka zaɓi buhu biyar. Huɗu suka fito lafiya har gindi, ɗaya dama-dama. Mutum biyu suka kashe kiran ba sallama. Matar ta ce, "Alhaji, duka za ka zazzage. A tsince, a sake ɗinkewa, ina kallo. Kuma ban son kwalliya."

Kwana uku mata suna bakace da tsinta. Kowace rana ina tura wa mutum ukun da suka rage gajeren bidiyo, ba kiɗa, ba gyara. Buhu da yawa suka rame, na haɗa wannan da wancan kafin su cika. Aka loda mota ɗaya ta su uku, ita ce ta farko da ta tashi daga layinmu a watannin nan.

Mako na zagayowa dillalai suka zauna a kaina. Hukuncinsu shi ne kada in ƙara farke buhu a cikin layi. Na ce na ji, Allah ya ƙara girma. Na kama wani sito a bayan tasha, inda sabis ma ya fi ƙarfi, na kwashe kayana da rana tsaka kowa yana kallo. Jajibirin kasuwa na kira matar na ce ta tara mini mutane, wannan karon ko goma ne.