Kunnen da Ya Rage wa Baban Gareji

Kun ga motar. Kun ɗauki hotonta, kun yaɗa, kuna cewa tsohuwa ta koma budurwa. Amma a cikinku wa ya tambayi hannun da ya haɗa injinta? Kun wuce shi a bakin gareji, yana goge baƙin mai da tsumma, kun kau da kai kamar ba mutum ba.

Baban Gareji ake ce masa. Kowace safiya sai ya share wajen aiki, ya jera sifanoninsa a kan buhu, ya yi bisimilla. Tsofaffin motocin da kowa ya sallama su ne nasa. Idan inji yana aiki, yakan ɗora bakin doguwar sukudireba a jikinsa, ya manna mariƙin a kunne, ya rufe ido. Daga nan zai gaya maka wane fistin ne ke ciwo. Haka ya yi tun kafin a haifi yawancinmu, kuma ba wanda ya taɓa miƙa masa ko audugar toshe kunne.

Bara wani direba ya jawo masa motar marigayi mahaifinsa, ɓeraye sun cinye kujerunta, ya ce yana son inji mai ƙarfi a ciki. Baba ya faɗaɗa silinda, ya sa sababbin fistin da ringi, ya canja kafireta, ya sake wa injin mazauni don tsohon ba zai ɗauke shi ba. Mai walda, maƙwabcinsa, kullum sai ya leƙo da tsokana: "Tsoho, wannan kakar taka ko ita ma Makka za ta?" Shi kuwa ya ce, "Za ta riga ka, ɗan nema."

Ranar da aka tayar da ita, gareji ya cika. Inji ya yi gurnani, aka yi ta tafi. Baba ya manna sukudireba a kunnen dama, ya gyaɗa kai. Mai walda ne ya daina dariya.

"Baba, ba ka ji ba? Akwai ƙwas-ƙwas a ciki."

"Me ka ce?"

Sai da mai walda ya maimaita da ƙarfi. Baba ya juya kunnen hagu, ya daɗe a sunkuye. Da ya ɗago, bai dubi kowa ba. Ya kashe motar, ya ce wa direban, "Ɗana, yi haƙuri. Sai na sake kwance ta." Ya kwance ta kuwa, ya gyara, ita ce kuke ɗauka a hoto yau.

'Yarsa ta kai shi wurin likita. An ce kunnen dama ya tafi, ba dawowa. Na hagu yana nan da sauransa, amma in ya ci gaba da zama cikin ƙara, shi ma zai bi sahu. Washegari Baba ya koma gareji. Da 'yarsa ta yi masa faɗa, cewa ya yi, "To 'yar nan, in zauna a gida in gyara me? Tabarma?"

Baba, kai ne mai tashin matattun ƙarafa. Kai ne ka ƙi miƙa aiki da aibi ko da kowa yana tafi. Mun gode, Allah ya saka maka. Amma godiya ba ta toshe kunne.

Ku shugabannin ƙungiyar makanikai, ku masu tsofaffin motoci da kuke fita da su yawon gwaninta, ba sadaka yake nema ba. Ku ba shi ɗaki mai shiru da teburi, ku turo masu son koyo, ya haɗa inji a gabansu, wasu su tayar a waje. Yanzu haka da kuke karanta wannan, yana can sunkuye a kan wani injin, kunnen hagu ya manna. Ku tashi ku je ku ɗauko shi.