Ranar da Yaya Haruna Ya Kira Sunan Kawu a Kan Ruwa

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Haruna, wanda mutanen yankinmu suka fi sani da Haruna Mai Jirgi. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ba ruwa ne ya ci shi ba, ciwon ciki ne ya kwantar da shi bayan girbi, ya cika a ɗakinsa. Lokacin da ya rasu ko sunana ban iya rubutawa da boko ba. Daga baya na shiga ajin yaƙi da jahilci, bana kuma na ga ya kamata in rubuta wani abu a kansa, domin damina ta kankama, dam ya fara cika, hankalina kuwa ba a kwance yake ba. 'Yata Zulai tana aure a hayin ruwa, kuma duk zuwan da za ta yi gida sai ta hau jirgi.

Mu ba mutanen ruwa ba ne. Kakanninmu gero da gyaɗa suka sani. Dam ne ya zo ya same mu, ya raba mu da kasuwa da asibiti da rabin danginmu. Wanda ba zai hau ruwa ba sai ya yi dogon zagaye ta hanyar Ɗanbatta. Yaya kafinta ne tun asali. Ya zauna da wasu masunta baƙi, ya koyi haɗa kwale-kwale, ya dawo ya haɗa nasa mai faɗin ciki, ya shiga haye da mutane.

Faɗansa da mu kullum a kan lodi ne. Mu da jaki muka saba. In mangala ta yi daidai dama da hagu, shi ke nan, sai a yi ta ɗora kaya sama. Haka muke so mu yi wa jirgi. Yaya ya ce jaki ƙafafunsa a ƙasa suke, jirgi kuwa ba abin da ya taka. Buhu mai nauyi a ƙasa yake shimfiɗa shi, a tsakiya, mutane kuma su zauna a ƙasan jirgin, ba a kan kaya ba. Ya ce nauyi in yana ƙasa, ko jirgi ya karkata zai dawo da kansa. In ya hau sama, shi ne zai ƙarasa kifar da shi. Har katako ya kakkafa a ƙasan jirgin, ya raba cikin gida-gida, don ruwan da ya shigo kada ya kwarara gefe ɗaya gaba ɗaya. Mutane suna tuntuɓe da katakon suna zaginsa. Shi ma bakinsa ba daɗi gare shi ba, ba zan ɓoye ba.

Sau ɗaya na ga ya karya dokarsa, kunya ce kuma ta sa shi. Kawunmu Ado, yayan mahaifiyarmu, ya dawo daga aikin Hajji. Muka je hayi muka taro shi. Dangi suka ce ba zai yiwu Alhaji, da fararen kayansa, ya zauna a ƙasan jirgi cikin laima ba. Aka jera buhunan masara da akwatunansa, aka ɗora kujerar katako a sama, aka ce ya hau don mutanen gari su hango shi tun daga nesa. Yaya ya ce a sauke. Aka ce masa yau ɗaya ce, kuma kawunka ne. Ya dube ni, na sunkuyar da kai. Ya tura jirgi.

Tun a tsakiya na lura ba haka jirgin ya saba tafiya ba. Iskar la'asar ta taso, ƙananan igiyoyin ruwa suna bugun gefe. In ya karkata sai ya daɗe kafin ya miƙe, kamar mai shawara. Yaya yana ta tuƙi, gumi yana zuba ta haɓarsa. Ruwa ya ɗan taru a ƙasa, ina kwashewa da ƙwarya.

Da muka doshi gaɓarmu, inda har yanzu akwai zurfi, mata suka rangaɗa guɗa daga tudu. A wajenmu ba a amsa gaisuwar jama'a a zaune. Mutanen jirgi suka miƙe kusan gaba ɗaya, suka matsa gefen da gari yake suna ɗaga hannu. Kawu ma ya miƙe tsaye a kan buhuna. Jirgin ya kwanta. Na ga bakinsa ya daidaita da ruwa, ruwa ya fara tsallakowa kamar ana zubawa daga tulu. A cikinmu waɗanda suka iya iyo ba su da yawa, ga mata da goyo.

Sai na ji muryar Yaya: "Ado, zauna!"

Ba Kawu ba, ba Alhaji ba. Sunansa tsurarsa, a gaban surukai da jikoki. Kafin kowa ya farga ya kama gefen babbar rigarsa ya fizgo shi ƙasa, cikin ruwan da ya taru, ya hankaɗa kujerar ta faɗa dam. Jin sunan nan ya sa kowa ya sandare, kuma sandarewar ce ta cece mu, domin da an ruga ɗaya gefen a tare, ta can za mu kife.

"Kowa ya durƙusa inda yake," in ji shi. "A hankali. Inna Ladi, kada ki matsa, riƙe yaron. Isiyaku, kwashe ruwan nan, me kake kallo?"

Jin sunana, na ci gaba da kwasa. Jirgin ya tsaya a karkace wani lokaci da ban san tsawonsa ba, sannan ya fara dawowa. A haka muka isa gaɓa. Guɗa kuwa ta mutu.

Washegari Yaya ya je ya durƙusa a ƙofar Kawu ya ba da haƙuri. Kawu ya ce ya ji. Amma bai sake hawa jirginsa ba, sai ya riƙa zagayawa ta mota. Gari ya rabu: wasu suka ce Yaya ya ceci rayuka, wasu suka ce ko mutuwa za a yi akwai yadda ake yi wa babba magana. Mahaifiyarmu ta daɗe ba ta sakar masa fuska ba. Ranar jana'izar Yaya, Kawu yana sahun gaba, amma ban taɓa jin ya ta da zancen ba har shi ma ya rasu.

Yanzu Rabi'u, ɗan Yaya, shi ne yake haye da mutane. Magidanci ne mai hankali, ba ya shaye-shaye, ba ya ganganci. Amma zamani ya sauya. Jirginsa na inji ne. Ya cire katakon da ke raba ciki don babura su sami wurin kwanciya. Kwanan baya kuma mai walda ya yi masa rumfar ƙarfe don inuwa, da wurin ɗora kaya a samanta, irin na motar haya. Da na hango buhunan taki a can sama, sai na tsaya ina kallonsu. Na tambayi kaina, da Yaya zai leƙo tashar nan yau, me zai ce? Injin zai burge shi, na sani, don ya sha wahalar tuƙi. Rumfar kuwa, ina jin da gatari zai zo.

Ni ba ni da zafinsa. Na jira har Rabi'u ya sauke mutane, na same shi shi kaɗai.

Ya ce, "Baffa, duk jiragen haka suke yanzu. In ba inuwa, mutane na wani za su shiga."

Ban yi musu da shi ba. Na ce ya bar buhunan a sama, ya taka bakin jirgin da ƙafa, ya danna, ya saki, mu gani. Haka mahaifinsa yake gwada sabon jirgi a bakin gaɓa. Ya yi dariya ya danna. Jirgin ya karkata, ya yi jim, sannan ya dawo a kasalance, ya zarce ɗaya gefen. Na ce a sauke buhunan ƙasa, ya sake. Wannan karon yana saki ya miƙe tsaf. Rabi'u ya daina dariya. Ya sake dannawa, ya tsaya yana kallon ruwan.

Daga baya aka yanke wurin ɗora kayan. Rumfar tana nan. Katakon ciki bai mayar ba, ya ce sai ya yi tunanin babura. Sauran jiragen kuwa suna nan da lodinsu har sama, kuma ba kullum Zulai take samun na ɗan'uwanta ba.

In na auna abin da Yaya ya bari, ba shi da yawa a ido. Jirginsa ya ruɓe, an yi makamashi da shi. Amma har yau akwai tsofaffin matan da in sun shiga jirgi ƙasa suke nema su zauna, ko an ba su benci, waɗanda suka ga bakin jirgi ya sha ruwa ran nan. Su ma suna ƙarewa. Abin da nake tsoro shi ne ranar da za a sake miƙewa gaisuwa a kan ruwa, a rasa wanda zai iya ajiye kunya.

Shi ya sa da Zulai ta zo gaishe ni makon jiya, da jaririnta a baya, na raka ta har tasha. Na ce ta zauna a ƙasa ko zaninta zai jiƙe. Na ce duk wanda ya miƙe a jirgi, ko surukinta ne, ko ni ne, ta kira sunansa ta ce ya zauna.

Ta rufe fuska da mayafi. "Haba Baba, ni? Sunanka?"

Na ce, "Na yafe tun yanzu."