Ƙishirwar Baffa Mailafiya

A Madabo ba kowa ne ya san sunan yankan Baffa Mailafiya ba. Laƙabin ya bi shi ne domin ya haura saba'in bai taɓa shiga asibiti ba sai don dubiya. Wankin hula ne sana'arsa. Tun yana saurayi yake zaune a bakin zaurensu, ga bahon kumfa, ga sitaci, ga huluna an kifa a kan katako suna shan rana, kamar taron dattawan da suka bar jikinsu a gida.

Bai taɓa cewa yana jin ƙishirwa ba, domin ba aikinsa ba ne. Aikin matarsa 'Yardada ne. Da an idar da azahar sai ta leƙo zaure da moɗa, ruwan randa mai ƙamshin kajiji, ta ce, "Malam, sha, kada ka bushe kamar hulunanka." Sai ya sha. Da ta rasu aka raba kayanta tsaf, amma babu wanda ya gaji wannan aikin.

Ɗansa Isyaku, mai aiki a Abuja, ya so ya kyauta masa. Ya rushe tsohon ɗakin ƙasa mai azara, wanda ko da bazara sanyi ne da shi, ya gina na bulo da rufin kwano, ya sa fanka. Fankar tana da kyau ƙwarai, kuma tana juyawa duk ranar da aka kawo wuta.

A shekarar ne aka gano Mailafiya yana da hawan jini, aka ba shi ƙwaya mai sa yawan fitsari. Shi kuwa mutum ne mai riƙon alwala, ga gwiwa ba ta son tsuguno. Sai ya yi dabara, ya rage shan ruwa. Bazara ta shigo ta same shi a haka.

Wata rana tsakanin azahar da la'asar, kwanon rufi yana ƙas-ƙas don zafi, ya ɗaga kai ya ga 'Yardada zaune a dokin ƙofa tana tsinkar zogale. Ba ta da inuwa. Ya ba ta labarin wa ya mutu, wa ya aurar da 'ya. Washegari ta dawo. Ana cikin haka 'yarsa Nana Hauwa, malamar firamare da ta dawo gidan don kula da shi, ta same shi yashe a ƙasa yana yi wa ƙofa hira.

A asibiti aka yi masa ƙarin ruwa. Likitar ta duba harshensa, ta rage ƙwayar, ta ce, "Baba, tsoho ba ya jin ƙishirwa sai ta yi masa ɓarna. Idan jiki ya bushe kai yakan ruɗe, mutum ya ga abin da babu. In aka sake, ƙodarka ba za ta yafe maka ba."

"To, in na sha fa?"

"Ba za ka ƙara ganin kowa ba, in sha Allahu."

Baffa ya yi godiya. Ba a taɓa yi masa bayanin da ya gane irin wannan ba.

Daga nan duk ruwan da Nana Hauwa ta ajiye masa kafin ta tafi makaranta, sai ta dawo ta tarar da kofin wayam. Ta yi murna. Gwandar tsakar gida ma ta yi murna, domin duk unguwar ita kaɗai ce ta yi sabon ganye a wannan bazarar.

Ranar wata Asabar Nana Hauwa ta tsaya ta daɗe tana duban jiƙaƙƙen gindin gwandar. Ba ta yi faɗa ba. Ta jawo randar uwarta daga bayan ɗaki, ta wanke, ta cika, ta nemo moɗa.

Bayan azahar Baffa yana kwance, leɓɓansa sun tsage, idonsa a kan ƙofa. 'Yardada ta zo. Amma yau ba ta zauna ba. Ta shigo har gabansa da moɗa a hannu.

"Sha," in ji ta.

"In na sha za ki tafi."

Ta ƙara matso da moɗar, ruwan ya ɗiga a kan tabarma. "Baffa, don Allah ka sha. Ni ma ina nan."

Ya san muryar ba tata ba ce, ya kuma ga inuwa a bango. Amma fuskar tata ce, kuma tsawon zamansu bai taɓa mayar da moɗa daga hannunta ba. Ya karɓa. Ya sha a hankali, yana kallonta ta saman moɗar, har ta ƙare. Bayan la'asar kansa ya washe. Nana Hauwa ce durƙushe, idonta jawur.

"Babu kajiji a ruwan nan," in ji shi.

"Gobe zan sayo."

Yanzu yana sha duk lokacin da aka miƙo masa. Likita ta yaba, Isyaku ya bugo waya ya yi hamdala, maƙwabta suna cewa Mailafiya ya ci sunansa. Ya koma bakin zaure wajen hulunansa. Sai dai da an idar da azahar yakan shiga ɗakin nan mai zafi, ya juya tabarmarsa ta fuskanci ƙofa, ya zauna. Lafiyarsa ƙalau, babu mai zuwa.