Kurɓin Ruwan da Na Hana Umma

Shekara bakwai ke nan da Allah ya yi wa Ummanmu rasuwa. Duk shekara ƙannena kan ce in rubuta wani abu a kanta, tunda ni ce babba, ni kuma in ce musu babu lokaci. Lokaci kam akwai shi. Abin da ya hana ni shi ne, in na tuna Umma ba dariyarta ke fara zuwa mini ba. Busassun leɓɓanta nake gani, tana roƙona ruwa ina hana ta.

Duk wanda ya zauna a Makera zamanin da masaƙu ke aiki ya san randar ƙofar gidanmu. Ƙatuwa ce, gindinta a cikin jiƙaƙƙen yashi, an rufe ta da faifai, ga moɗa a kai. In an tashi daga aiki ma'aikata kan tsaya su sha su wuce, ba a tambayar kowa masallaci yake zuwa ko coci. Ni ce mai ɗebo ruwan, ni ce kuma mai mita. Umma takan ce, "Rabi, ruwa ne fa, ba zinariya ba. Cika ki ba ni wuri."

Mai taya ta wanke randar ita ce maƙwabciyarmu Mama Saratu, mutuniyar Zonkwa, wadda mijinta ke aiki a masaƙa. Ko lokacin da gari ya rikice mutane suka yi ta ƙaura, wasu suka haye kogi, su biyun ba su rabu ba.

Ciwon ya fara ne daga ɗan rauni a yatsar ƙafa. Umma tana da ciwon suga, amma ta ce tuntuɓe ne, ta ɗaure da tsumma ta ci gaba da harkokinta. Sai zazzaɓi mai zafi, sai rawar ɗari, sai ta fara kiran mu da sunayen ƙannenta. A asibiti likita ya zaunar da ni ya ce ƙwayoyin cuta sun shiga jininta, ƙodojinta sun tsaya. Aka kwantar da ita a sashen kulawa ta musamman, aka fara yi mata wankin ƙoda. Na ga jinin uwata yana fita ta wani siririn bututu, ya shiga inji, ya dawo.

Likitan ya yi mini bayani dalla-dalla. Fitsari ba ya fita, don haka duk abin da ta sha zai taru a jikinta, yana iya hawa huhu. Abin da aka yarda da shi kawai, a jiƙa auduga a shafa mata a leɓe. Ni kuwa malamar makaranta ce, in aka ba ni doka nakan riƙe ta da hannu biyu. Na riƙe wannan kamar ran Umma a cikinta yake.

Da hankalinta ya ɗan dawo, abin da ta fara nema ke nan. Ta dubi ledar ƙarin ruwan da ke rataye a kanta ta ce, "Ga shi suna ɗura mini ta hannu. Ta baki ne haram?" Na yi dariyar dole, na shafa mata auduga. Ta tsotse ta kamar jaririya. "Rabi, kurɓi ɗaya," in ji ta. Na ce, "Umma, ki yi haƙuri, in kin warke har randa sai ki shanye."

Ana barin mutum ɗaya ya shiga a lokacin dubiya. Wata rana na ba Mama Saratu wurina, na tsaya ina leƙe ta gilashi. Sai na ga ta zaro wata 'yar gora daga cikin zanenta. Ban san lokacin da na faɗa ɗakin ba. Na fizge gorar, sanyinta ma ya gaya mini daga randarmu aka ɗebo. A gaban ma'aikatan jinya na ce wa matar da ta goya ni, "Mama, kashe ta kika zo yi?" Umma ta dube ni, ta juyar da fuskarta bango.

Ba a daɗe ba jikin ya rikice, aka sa mata injin numfashi, ba ta ƙara magana ba har ta cika. Na bi doka daidai, kuma ta rasu duk da haka. Likitan bai yi ƙarya ba, ban taɓa ganin laifinsa ba. Amma na sha tambayar kaina, matar da ta shayar da rabin Makera, yaya aka yi ta bar duniya da ƙishirwa, kuma 'yarta ce ta tsare ƙofa? Shekaru ina kai ruwan sanyi baki in ji ya ƙi wucewa.

Da Umma za ta leƙo yau, ban san me za ta ce ba. Masaƙun sun yi shiru, ciyawa ta cinye harabarsu. Baƙo in ya zo gida, ruwan leda ake miƙa masa ya fasa da haƙori, abin da take kira rashin ta ido. Wankin ƙoda da muka fara jin sunansa a kanta, yanzu kusan kowace unguwa akwai mai zuwa. Randar kuwa na sa an shigar da ita ɗakin ajiya tun ranar sadakar uku, don ba na iya kallonta. Wannan na tabbata sai ta ja mini kunne a kai.

Mama Saratu ta koma wurin ɗanta a Gonin Gora, ni kuma kunya ta hana ni zuwa. Bana da aka ce mini tana jin jiki, na daure na je. Ta rame, idon ma ya yi rauni, amma da jin sallamata ta ce, "Rabi ce? Sai yau?" Na durƙusa na fara ba ta haƙuri, ta katse ni.

"Tashi, 'yata. Ai na ba ta."

Na ce, "Me kika ba ta, Mama?"

"Ruwan mana. Washegari na dawo da wata gorar, kin tafi sallar la'asar. Cikin murfi ɗaya na ba ta. Ta riƙe shi a baki, ta daɗe kafin ta haɗiye. Ta ce, Saratu, wannan na randata ne. Sai ta kama hannuna ta ce, kada ki gaya wa Rabi. Ba mugunta ba ce, tsoro take ji."

Na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwar. Ban tambayi Mama Saratu ko murfin nan ya ƙara wa ciwon wani abu ba, kuma ba zan tambayi likita ba. Wanda ke da majinyaci ya bi maganar likitansa, ba na ce kowa ya yi abin da ta yi ba. Ni dai abin da na sani, Umma tana kwance tsakanin injuna, harshenta a bushe, amma uzuri take nema mini.

Ba ta bar gidaje ko filaye ba. Ta bar mutanen da har yau in na faɗi sunan layinmu sukan ce, "Gidan mai randa?" Makon jiya na fito da randar, na wanke, na zuba sabon yashi, na cika ta da hannuna ba tare da mita ba. Wani mai tura baro ne ya fara tsayawa, ya sha moɗa biyu, ya ce Allah ya ba da lada. Na ce amin, ya kai wa mai ita.

Na gode wa Allah Umma ta sha ruwa kafin ta tafi. Allah ya jiƙanta, ya shayar da ita daga Alkausara. Abin da ya rage mini in ɗauka shi ne, ba daga hannuna ta sha ba.