Faratan Lucjan

Lucjan Wrzos ba ya gaisawa da hannun dama. In kun haɗu a ƙofar coci hagu zai miƙo maka, damar tana aljihu cikin safar hannu, ko da ana zafi. Mutanen ƙauyenmu suka ce girman kai ne. Ni Bronka, da shinge ɗaya ya raba gidanmu da nasu, na san farata huɗu yake tsaro. Da su yake kaɗa jita, kuma a irin kiɗansa na manyan mawallafan kiɗa na da, in farce ɗaya ya tsage to sautin ya lalace.

Yana ɗan shekara goma sha ɗaya wani malami ya ji shi, ya ce a kai yaron nan makarantar kiɗa a Lublin. A ranar uwarsu ta yanke cewa Lucjan ba zai ƙara taɓa ƙasa ba. Gona da shanu suka faɗo kan yayansa Gienek. Lokacin tonon dankali kowa na duƙe cikin laka, Lucjan yana bakin taga yana goga farce da 'yar magagari. Gienek ya laƙaba masa suna Gimbiya, sunan kuwa ya bi shi har furfura.

Ba zan yi muku ƙarya ba, bai shahara ba. Ya taɓa zuwa na uku a wata gasa yana saurayi, daga nan sai koyarwa a Zamość, da kaɗa wa tsofaffi a gidajen hutun marasa lafiya, rabinsu na gyangyaɗi. Ya yi aure, matar ta tafi bayan shekara biyu, wai ta gaji da mijin da ba ya iya buɗe gwangwani. Duk Kirsimeti yakan hawo bas ya zo, su zauna shi da Gienek, wanda bai taɓa aure ba, su ci kifi. Iyakar hirarsu, "Miƙo gishiri."

Yana da shekara sittin da uku takarda ta iso masa. Ana gayyatarsa ya yi kiɗa shi kaɗai a babban zaure a Lublin, ƙarshen watan Nuwamba. Abin da ya jira duk rayuwarsa ke nan. A watan Satumba kuma Gienek ya yanke jiki ya faɗi a garken shanu, ɓarin jikinsa ya shanye. Lucjan ya dawo gida da akwati ɗaya da jita.

Ina kai musu miyar kabeji, amma ɗagawa da wanka sun fi ƙarfin bayana. Lucjan ke yi, yana kakkaucewa da hannun dama. Fatar tsoho ba ta da wuyar yagewa, kullum sai na ga sabon karce a kafaɗar Gienek.

"Gimbiya, da mage na aura da ta fi ka tausayi," in ji Gienek, bakinsa a karkace.

"Yi shiru, Yaya, ka ɗaga hannu."

"Wanne? Mataccen, ko wanda zan mare ka da shi?"

Wata rana Lucjan ya tafi kantin magani, Gienek ya yafito ni. Ya ce in sayo tikiti biyu na kiɗan Lucjan a layin gaba, in roƙi surukina ya kai mu a motarsa mai ɗaukar keken guragu, in kuma goge masa baƙar kwat ɗinsa.

"In kika faɗa wa Gimbiya, Bronka, ko jana'izata kada ki zo."

Na yi duk abin da ya ce, na kuma ja bakina. Wannan shirun har yau yana cina.

Saura kwana goma a yi kiɗan, da safe, Lucjan ya zo ɗaga shi daga gado. Hannun da ya shekara hamsin yana gudun rauni ya dunƙule da kansa, Gienek ya sulluɓe ya bugi ƙasa, goshinsa ya fashe. Ba na nan. Da na shigo da rana na tarar an ɗaure goshin, Lucjan yana zaune a kicin, almakashi a kan tebur, ga 'yan gutsattsarin farce a cikin faranti. Ya riga ya buga waya Lublin ya ce su nemi wani.

"Me ka yi haka?" na ce.

"Za su fito, maƙwabciya. Wata biyu ne, ko uku."

Ya shiga ɗaki don ya juya yayansa, na bi shi. A karon farko ya tallabe shi da hannu biyu sosai. Gienek ya ji bambancin nan take. Ya cafko hannun daman Lucjan da nasa mai lafiya, ya shafa kan yatsun ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ya sa ka?"

"Na kayar da kai, Yaya."

"To sai me? Saniya ta kayar da ni sau nawa, ka ga na yanke mata ƙaho? Bronka, ba shi."

Na zaro ambulan ɗin tikitin daga ƙarƙashin katifa, na miƙa wa Lucjan. Lucjan ya daɗe yana kallon tikitin nan biyu.

"Tun muna yara ta bango nake jin ka," in ji Gienek, "kana maimaita wuri ɗaya sau ɗari, kamar mai yanka itace. Ban taɓa jin kiɗa ɗaya daga farko har ƙarshe ba."

"Bari in ɗauko jitar. Da tsokar yatsa ma ana iya kaɗawa."

"Ba a nan ba! Ba kusa da fo ɗin fitsari ba. So na yi in zauna da kwat, a tafa maka, in juya in ce wa na kusa da ni, ƙanena ne."

Ya mai da fuska bango. Lucjan ya gyara masa bargo ya fita tsakar gida, na hango shi tsaye cikin sanyi ko hula babu.

Gienek ya rasu a tsakiyar Janairu, cikin kwat ɗin da na goge aka binne shi. Lucjan bai koma Zamość ba, ya sayar da shanun ya zauna a gidan shi kaɗai. Lublin ba su sake rubutowa ba. Bai taɓa tambayata me ya hana ni faɗa masa ba, ni kuwa da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Faratan sun dawo daidai a watan Fabrairu.